Mutumin da Ke Cikin Dodon Tsatsa

Shekara ashirin da shida Kuramochi Genzo ya yi yana shan duka a talabijin duk ranar Lahadi da safe, amma ko maƙwabtansa a nan unguwarmu ta Nerima ba su san shi ne a cikin ƙaton kan robar nan ba. Ni na sani ne don ni ce mai shagon wanki a bakin layi, ni nake wanke masa kayan da yake sawa ƙarƙashin rigar dodon. Wari kam ba a magana. Idan ya ajiye jakar, har kyanwata ficewa take yi.

Shi Dodon Tsatsa a littafin zane aka haife shi. Mugu ne na gaske, duk ƙarfen da ya taɓa sai ya ruguje, ko gada ce ko jirgin ƙasa. Da za a mai da shi wasan talabijin, aka haɗa masa riga ta roba da soso mai nauyin kilo talatin, aka nemi mai shiga. Lokacin Genzo yana ɗan shekara ashirin da huɗu, bai daɗe da baro ƙauyensu a Akita ba, ba shi da komai sai ƙarfi da rashin magana. A shekara ta biyu ya faɗo wajen ɗaukar wani faɗa, gwiwarsa ta goce. Ya ƙi kwanciya, ya koma cikin rigar yana jan ƙafar hagu. Yara suka ga tafiyar nan suka ƙara razana, har shi mai zanen ya koma zana dodon da ɗingishi.

Daga baya ne aka soma lalata dodon. 'Yan fim suka cire masa kan roba, suka ba shi fuskar wani kyakkyawan saurayi da budurwa da labarin maraici, wai a tausaya masa. Masu wasan waya kuwa suka mai da shi 'yar yarinya mai dara-daran idanu, idan ta rushe gari sai ta rufe baki ta ce a yi haƙuri. Ɗingishin ne kawai suka bar mata, wai yana mata kyau. Ranar da wata mai kawo wanki ta nuna min a wayarta, ƙyama ta hana ni cin abincin rana.

"Gen-san, ka ga abin da suka yi da gwiwarka?" na ce masa.

"Kayansu ne, Fumie-san," in ji shi. Ya ɗauki wankinsa ya fita.

Abu ɗaya ne bai bar musu ba a ransa, ita rigar. Bayan ya yi ritaya, duk bazara yakan je siton da aka ajiye ta ya shanya ta, ya zuba mata hoda. Burinsa idan ta gama tsufa ya kai ta haikali, malami ya yi mata addu'a, a gode mata, a ƙona ta, kamar yadda ake yi wa tsohuwar 'yar tsana a al'adarmu. Abu mai fuska ai ba a jefa shi a shara. Tsohon mai kula da siton ya yi masa alkawarin haka da baki. Sai mutumin ya rasu, kamfanin wasan waya ya saye komai, aka hana Genzo shiga siton har shekara biyu.

Ya zauna ya rubuta musu wasiƙa da hannu. Amsa ta zo cewa sun duba buƙatarsa, ya zo ranar Alhamis. Tsoho ɗan saba'in da huɗu ya dinga rawar jiki kamar ango. Ya sa wa malamin haikali rana, ya ari motar shagona, ya shimfiɗa sabon bargo a bayanta. Ni na tuƙa.

A ofishin wani manaja mai suna Shimodaira ya tare mu, sai ƙamshin turare yake. Ya rusuna, ya miƙo wa Genzo wani ɗan akwati da hannu biyu. A ciki akwai kati na roba mai haske, an liƙe wani ɗan yankin roba a tsakiyarsa, bai fi farcen babban yatsa ba.

"Kuramochi-sama, albarkacin cikar wasan talabijin ɗin shekara hamsin, mun raba rigar gida dubu uku," in ji shi yana murmushi. "Masu buga wasanmu ne ke cin ta a matsayin kyauta. Masoya sun ji daɗi ƙwarai. Wannan mun ware maka ne musamman."

"Kun yanyanka shi kamar kabeji ke nan," na ce. "Kai ko kunya ba ka ji? Ran da kakarka ta mutu ma sai ku raba ta a kati."

"Fumie-san, ya isa," Genzo ya ce a hankali.

Ya dubi katin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya rusuna ya yi godiya, rusunawar da ta fi ta manajan zurfi. Wallahi shi ma sai da ya ba ni haushi.

A haikali mun tarar malamin ya sa an share babban teburi, an jera furanni. Da ya ga abin da muka kawo bai tambayi komai ba. Ya ɗora katin a tsakiyar teburin, ya kunna turare, ya karanta addu'ar daga farko har ƙarshe bai rage ko layi ba. Genzo ya durƙusa a kan wannan gwiwar kusan awa guda. Da aka gama ya kasa tashi, sai da na kama shi har mota.

Mun kusa gida ya yi magana.

"Ba tawa ba ce."

"Mece ce ba taka ba?"

"Robar. Tawa ta yi baƙi, ta soma narkewa, ko almakashi ba zai kama ta ba. Wannan sabuwa ce aka shafa wa fenti. Tun a ofis na gani."

Na taka birki a gefen titi. "To ina ta gaskiyar?"

"Sun zubar, ina ji."

"Ka sani, ka bar malam yana ta addu'a a kan tarkacen masana'anta? Ka kuma gode wa wancan mai turaren?"

"An riga an sa wa mutum rana, Fumie-san."

Na so in juya motar in koma in ƙare wa Shimodaira tanadi, amma na san rusunawa kawai zai yi min. Genzo yana kallon tagar, yana murza gwiwarsa. Can ya juyo.

"Ke da kika san harkar shara, irin wannan robar, da sharar da ake ƙonawa ake kwashe ta ko da wadda ba a ƙonawa?"

Ban sani ba. Amma na tuna burinsa na a ƙona ta, sai na ce masa da wadda ake ƙonawa ne.

"To, da sauƙi," ya ce.