Yadda Darakta Ya Faɗa Harkar Fatalwa

Idan aka tambayi Darakta yadda aka yi ya zama mai shirya finafinan aljanu da fatalwa, sai ya gyara zama ya ce, "Ƙonewar fitila ce, ba basira ba." Mutane su bushe da dariya, suna zaton wasa yake. Shi kuwa iyakar gaskiyarsa ke nan.

Yana saurayi, hoto yake ɗauka a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Burinsa duk duniya ya yi fim na soyayya, irin wanda za a fito ana share hawaye. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ari kyamara, ya lallaɓi ƙanwar abokinsa ta fito a matsayin budurwa mai jiran masoyinta a bakin taga. Ranar ɗauka, fitilarsu ƙwaya ɗaya ta ƙone, sai suka ɗaure tocila a ƙafar kujera tana haska fuskar yarinyar daga ƙasa. Batirin na'urar sauti kuma ya yi sanyi, muryar ta koma kamar mai magana daga cikin rijiya.

Da aka haska fim ɗin a gidan kallo, Darakta yana can baya yana jiran shessheƙar kuka. Yarinyar ta waiwayo a hankali ta ce, "Na daɗe ina jiranka." Wani ƙato a layin gaba ya tsallake benci. Wata mata ta cusa kai a bayan mijinta. Da aka tashi, mai gidan kallon ya kama hannunsa yana girgizawa.

"Malam, ban taɓa ganin fim na tsoro irin wannan ba! Yaushe na biyu?"

Darakta ya buɗe baki zai ce ai soyayya ce. Sai ya hango layin masu jiran shiga har bakin titi. Ya haɗiye maganar.

"Yana nan tafe," in ji shi.

Daga nan bai sake waiwayen soyayya ba. Ya yi fim mai aljanar lif ɗin hawa bene, ya yi mai madubin da ke haɗiye baƙi, ya yi mai direban da ya mutu amma bai daina ɗaukar fasinja ba. Da ya yi aure, matarsa tela ce, ita ta zama mai ɗinka wa aljanu kaya ba tare da an nemi shawararta ba. Wata rana ta dawo daga unguwa ta tarar da tagogi tsirara.

"Baban yara, ina labulen falo?"

"Yana wurin aiki."

"To ka gaya wa fatalwar taka, in ta gama yawo ta wanke mini shi."

Mahaifiyarsa kuwa har ta bar duniya ba ta kalli ko ɗaya ba. Ita dai mamaki take. "Kai da kyankyaso ke hana ka shiga banɗaki, kai ne kake firgita mutane?" Yakan ce, "Umma, ai shi ya sa. Jarumi bai san inda tsoro yake kwana ba, ni kuwa na sani." A nan kam bai yi ƙarya ba. Ya san ƙofar da ta ɗan buɗe ta fi wadda aka banko ban tsoro, ya kuma san daidai lokacin da ya kamata kiɗa ya ɗauke.

Suna ya jawo masa abin da bai nema ba. Wani maƙwabci ya zo da rana tsaka, wai ana tafiya a cikin silin ɗinsa, Darakta ya zo ya duba tunda shi ne masani. Kunya ta hana shi ƙi. Ya hau tebur, ya ɗaga allon silin, idanu biyu suka ƙyalla. Kafin mai gidan ya gane kyanwa ce, masani yana bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya.

Sai zamani ya juya. Matasa suka zo da kwamfuta, aljanunsu na tashi sama suna narkewa, nasa kuwa har yanzu labule ne da hoda. Wani ya yanko wani wuri daga tsohon fim ɗinsa ya watsa a waya: fatalwa ta miƙo hannu za ta shaƙe mutum, ga agogo ɗaure a hannunta. Gari ya ɗauka. A gaban mutane yakan ce, "To laifi ne fatalwa ta san lokaci?" Amma abin ya ci shi. Ya naɗe wayoyin fitilunsa, ya tura kyamara ƙarƙashin gado, ya koma zaman ƙofar gida.

Babbar 'yarsa, wadda ta yi karatun fim ta kuma fara shirya nata, ita ta tashe shi.

"Baba, ina neman wanda zai fito a matsayin gawa."

"Duk garin nan ni kika ga na fi kama?"

"Kai ne ba za ka ce sai na biya ka ba."

Ya je. Aka kwantar da shi a gado mai laushi, aka rufa masa farin zane, ga sanyin fanka. Jarumar fim ɗin tana tsakiyar kuka a kansa sai gawa ta ja minshari.

"Baba!"

Ya zabura. "An ɗauka?"

An sake ɗauka har 'yar ta gaji. Da fim ya fito, ya gayyaci abokan zamansa kaf, ya sa su a layin gaba. Aka zo wurin. Ashe duk ta yanke shi, ƙafafunsa kawai suka leƙo daga ƙarƙashin zane. Darakta ya miƙe tsaye a cikin duhu yana nuna allo.

"Ga ni nan! Ku dubi babban yatsan nan, ko motsi bai yi ba."

Daga can baya wani ya daka masa tsawa wai ya zauna, yana tare wa mutane.