Na Ara Masa Asusuna, Suka Ce In Rufa Masa Asiri

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da abin nan ya faru, ni ce wadda ɗaliban Arewa a Kuala Lumpur suke kira Anti. Daga Zariya na zo yin digiri na uku a wata jami'a kusa da unguwar Pantai Dalam, da na gama wata kwaleji mai zaman kanta ta ɗauke ni koyarwa, sai na ajiye aikina na gida na zauna. Mijina ya rasu tun kafin in taho, 'ya'yana mata biyu suna gidajen mazansu. Gidana a unguwar Cheras shi ne masaukin duk wadda ta sauka daga jirgi ba ta san inda za ta dosa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan girman. Abin da ban cika faɗa wa kowa ba shi ne ba ni da fansho a ko'ina. Na gida da hannuna na yanke shi ranar da na ajiye aiki, nan kuwa baƙuwa ce ni, in kwantiragi ya ƙare sai dai in tattara komatsaina. Don haka duk wata nake tsakurar wani abu daga albashi in bari a banki, da niyyar in koma gida in yi ɗan gini, in tsufa ban miƙa wa suruki hannu ba.

Duk wanda ya zauna a nan ya san yadda muke canji tsakaninmu. Wani yana da naira a gida yana son ringit, wani yana da ringit yana son naira, sai a samu mai haɗa su. Mai haɗa mu wani magidanci ne, ɗalibi, mai mata da yara ƙanana, mutum mai sanyin murya wanda shi ke jan salla in an taru. Ya same ni ya ce asusun ɗalibi banki na sa masa ido, nawa kuwa na mai albashi ne, ko zan bari kuɗin makarantar ɗalibanmu su riƙa bi ta ciki. Na amsa nan take. Kuɗi su shigo, ya aiko mini saƙo ya ce in tura wa wane, in tura. Ban taɓa tambayar daga ina suke ba, don kunya nake ji a ce Anti tana tuhumar ɗan'uwanta. Mace da digiri uku, amma na bar guzirin tsufana da kuɗin mutanen da ban sani ba a tukunya ɗaya.

Wata rana na je kedai, wato kanti, sayen shinkafa, kati ya ƙi wucewa. Na ɗauka matsalar na'ura ce. A banki wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, cikin ladabi ta ce an riƙe asusun saboda ƙarar da aka kai wa 'yan sanda. Wata tsohuwa 'yar ƙasa ce aka yaudara ta waya, kuɗinta kuma cikin asusuna suka faɗa. Komai ya kulle, har albashina. Daga nan hukumar haraji ta nemi bayanin kuɗaɗen da ke shigowa ban taɓa bayyanawa ba, kwaleji kuma ta ce ba za ta sabunta mini takardar aiki ba sai an wanke ni. Ni da ke ciyar da baƙi, sai ga ni maƙwabciyata Bamaleshiya ke aiko mini da abinci. Na yi kuka, na kuma ji haushin kaina fiye da na kowa.

Ana nan sai ga manyan ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa sun zo gidana, da matar mutumin da na ara wa asusun. Na ɗauka jaje suka kawo. Bayan doguwar gaisuwa suka ce shi ma ruɗarsa aka yi, wani ne da bai sani ba ya ba shi ringit da araha. Suka ce in na ambaci sunansa tallafin karatunsa ya tafi, a kore shi da iyalinsa, don haka in ce ban san komai ba, a rufa wa juna asiri. Na tambaye su, in kuɗin nan suka salwanta kuma aka kore ni, wa zai riƙe ni ranar da ƙafata ta daina ɗaukata. Babbansu ya ce ai Allah na nan. Na ce gaskiya ne, kuma Allahn nan da zai riƙe ni ba zai gaza riƙe shi ba. Matar ta fashe da kuka, wannan kam ya taɓa ni, don na sha goyon ɗanta. Amma washegari na je wurin 'yan sanda na faɗi sunansa, na miƙa wayata da duk saƙonninsa.

An ɗauki watanni kafin a sakar mini asusun, bayan an cire haƙƙin tsohuwar, wanda ban ja da shi ba. Shi kuwa ya bar ƙasar bai gama karatu ba. Ina tausayin yaransa har yau. Mutanena suka cire ni daga zauren waya na ƙungiya, aka daina gayyatata suna da shan ruwa, wasu suka sa mini Baturiya. Su sa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tambayi yadda na biya haya a watannin nan.

Kuskurena na sani, kuma ba faɗar gaskiya ba ne, ara asusun ne. 'Yan'uwana da ke aiki a waje, musamman waɗanda ba fansho ke jiran su a gida ba, ku ware ajiyar tsufanku inda hannun kowa ba ya kaiwa, ku bayyana wa hukumar haraji abin da ke shigo muku, kada kuma ku bari kuɗin da ba ku san tushensa ba ya kwana da sunanku, ko da na limaminku ne. In an ce kin cika rowa, ki amsa. Banki bai san zumunci ba, suna ɗaya ya sani, kuma ranar da aka kira sunan, ni kaɗai na tashi.