Gwaggo Tsarkiya Ta Ƙi Ja

A bayan filayen tanis huɗu na makarantar horar da yara, akwai wani ɗaki da bai fi shagon tela ba. Taga ɗaya, fanka mai ƙara, kujerar katako, da tsohon inji mai sandan ƙarfe da dutsen awo, wanda ake ɗaure wa raket, wato madokin ƙwallon tanis, tsarkiya da shi. Nan ce fadar Gwaggo Tsarkiya. Har 'ya'yan cikinta da wannan suna suke tsokanarta.

Da can ɗinki take yi. Mijinta ne mai sharar filayen, ita kuma takan kawo masa abincin rana. Wata rana ta tarar da tsohon kocin makarantar zare ya harɗe masa a raket, sai tsaki yake ja. Ta ce, "Malam, ai wannan saƙa ce, miƙo nan." Yau shekara ashirin da uku ke nan. Miji ya rasu, koci ya yi ritaya, Gwaggo tana nan kan kujerarta.

Makarantar kuwa tana da tsarinta. Ɗan shekara shida ba a sakinsa a babban fili. Ƙwallo mai laushi ake ba shi, da rabin fili, da bango. Sai ya daki bangon nan har sun saba, ya iya taku, sannan a haɗa shi da abokin karawa. Raket ma haka yake girma tare da mai shi. Gwaggo sassauta wa ƙanana tsarkiya take yi, don ita za ta shanye ƙarfin ƙwallo, ba gwiwar hannun yaro ba. Duk shekara sai ta kama hannun ta mammatsa kamar mai zaɓen rake, kafin ta ƙara ja kaɗan.

Ana nan sai aka kawo sabon koci, saurayi, ya buga manyan gasanni, takalminsa fari tas. Ba mugu ba ne, sauri ne ya yi masa yawa. Saura wata ɗaya gasa, idonsa kuma ya faɗa kan wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ake kira Bahaguwa.

Ya shigo da raket biyu ya ajiye. "Gwaggo, a ja min tsarkiyar waɗannan zuwa awo hamsin da takwas."

"Na wa?"

"Na Bahaguwa."

"Bahaguwar da na sani? Mai hannu kamar tsinken tsintsiya?"

"Tsarkiya mai tauri ce ke kai ƙwallo inda ake so. Haka manya suke yi."

"To ɗana, ka jira ta zama manyan. Arba'in da huɗu nake ja mata."

"Ni ne koci fa, Gwaggo."

"Ban ƙwace maka ba. Ga filinka can."

Maganar ta kai ofishin shugaban makaranta. Ya sa aka kira ta, ya gaishe ta da girmamawa, sannan ya sauke muryarsa. Zamani ya canja, in ji shi, akwai injin lantarki da ba ya musu da kowa. Zuwa ranar Litinin, ko ta ja abin da koci ya ce, ko a kawo injin da mai danna shi.

Gwaggo ta gyara mayafinta. "Ranka ya daɗe, inji naku ne, kujerar ma taku ce. Hannun yarinyar ne dai ba naku ba. Yara uku na gani da idona sun bar wasan nan da gwiwa a naɗe, ba zan ɗaure ta huɗu da hannuna ba."

A gida babbar 'yarta ta yi ta lallashi. "Mama, ki ja musu mana, ke za ki buga?" Gwaggo ta ce a zuba mata ruwan wanka.

Ranar Juma'a da hantsi sai tsarkiyar raket ɗin koci ta tsinke. Ba wani mai ɗaurewa sai Gwaggo, dole ya kawo. Ta saƙa masa tsaf, ta tura dutsen awo har kusan ƙarshen sanda, ta fito ta miƙa masa a gaban yara.

"Ban ɓoye maka ba, saba'in na ja. Abin da hamsin da takwas zai yi wa hannunta, shi wannan zai yi wa naka. Ka horar da su da shi yau da gobe. In ka ɗaga kofin shayi da hannun nan ranar Litinin, ni zan tattara kayana, ba sai an sallame ni ba."

Koci ya buga tsarkiyar a tafin hannunsa, ta yi ƙara kamar faranti. Ya yi murmushi. "Gwaggo, ki fara neman jaka."

"Tana rataye tun shekaranjiya."

Kwana biyu yana jefa wa yara ƙwallo, kwando bayan kwando. Gwaggo ba ta leƙa ba ko sau ɗaya. Ƙarar kawai take saurare ta taga, ta kuma ji lokacin da dukan ya fara yin sanyi.

Litinin da safe ta saka almakashinta da allurarta a jaka, ta zauna. Sai ga koci, shugaba na biye da shi. Kofin shayi na hannun koci na hagu, na dama kuwa yana cikin aljihu kamar an ba shi ajiya. Gwaggo ta dubi kofin, ta dubi aljihun, ta yi masa barka da asuba.

Ya yi gyaran murya. "Nawa kika ce na Bahaguwa?"

"Arba'in da huɗu."

"A yi arba'in da shida."

Ta leƙa ta ƙwala wa yarinyar kira, ta kama hannunta ta mammatsa tun daga wuya har kafaɗa.

"Da biyar. Ɗayan ma don ka zo da ƙafarka ne."

Shugaba ya duba agogo, ya ce yana da taro. Daga ranar ba a sake jin zancen injin lantarki ba.

Koci ya zaro nasa raket ɗin daga hammata ya ɗora a kan inji. "Wannan ma a sassauta shi."

Gwaggo ta ɗauke shi ta rataye a ƙusa ta ƙarshe, ta fara fito da kayanta daga jaka.

"Akwai na yara bakwai a gabanka. Ka bi layi."