Rigar da ke Hoton Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya haura shekara talatin a Birmingham, a wani flat na council, wato gidan hayar hukuma, a unguwar Ladywood. Tun da na yi wayo ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Injiniya. Matarsa Hajiya ma haka take kiransa, ko da faɗa suke yi. Aikinsa gyaran lif ne a dogayen benaye, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa tsakanin hawa na tara da na goma a unguwar ya san fuskarsa. Da na zo Manchester karatun digiri na uku, gidansa ya zama gidana. Duk bayan mako biyu sai in hau jirgin ƙasa in je in ci tuwo in sha labari.

Labarin kuwa guda ɗaya ne tal: Kawu ya yi karatu tare da gwamnan jiharmu. Ajinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya a unguwar Whalley Range ta Manchester, tukunyarsu ɗaya. Ko maganar tsadar albasa aka ɗauko, sai Kawu ya bi da ita ta lungu har ya fito da ita a bakin ƙofar wannan ɗaki. Shi ya raka gwamna sayen rigar sanyinsa ta farko, shi ya hana shi yin ciniki da direban bas, shi ya koya masa dafa shinkafar da ba ta caɓe ba. In ya kai ƙarshe sai ya nuna bango da haɓa, inda wani hoto ke rataye sama da talabijin. Kawu ne a ciki yana saurayi, siriri, gashi cunkus, sanye da baƙar rigar kammala karatu da hular nan mai faifai, yana tsaye a matakalar jami'a a Oxford Road.

Na kalli hoton nan har na haddace shi, don in labarin ya yi tsawo ba ni da wurin kai idona sai can. Na san a kafaɗar hagu ta rigar akwai wani ɗan ɗinki da aka yi da farin zare, kamar an yi shi a gaggauce.

Ana nan sai magana ta tashi a gida. 'Yan hamayya suka ce takardar digirin da gwamna ya miƙa lokacin da ya tsaya takara ta bogi ce. Wasa-wasa sai ga masu bincike na gwamnatin tarayya daga Abuja sun shigo ciki. An ce ba a iya kai shi kotu yana kan kujera, amma bincike ba ya jiran kujera, ga shi kuma wa'adinsa ya kusa cika. Zaurenmu na hira a waya, na 'yan jiharmu mazauna Ingila, ya kama da wuta. Likitocin da ba sa samun lokacin amsa sallama duk suka koma lauyoyi. Kowa ya gama zubarsa sai ya rufe da cewa ai abin ba wuya, ga Injiniya nan, a tambaye shi. Kawu kuwa, mutumin da ke turo saƙo arba'in a yini har da na gaisuwar Juma'a ranar Alhamis, ya yi tsit.

Shi kansa gwamnan bai taimaka ba. Ya fito a talabijin ya ɗaga wani hoto, ya ce ga shi ranar da ya kammala, wanda kuma bai yarda ba ya je Birmingham ya tambayi abokin karatunsa Injiniya. Ina ɗakina a Whalley Range hoton ya shigo wayata. Matakalar ce dai, rigar ce dai, sai dai hular ta yi wa kansa kaɗan. Na buɗa hoton da yatsu biyu don in yi dariyar hular, sai idona ya sauka a kafaɗar hagu. Farin zaren nan yana nan inda na san shi.

Wallahi riga ɗaya ce. Duk danginmu sun san bakina ba ya riƙe magana, mahaifiyata kan ce in ana son labari ya kai ƙarshen unguwa a faɗa mini a ce sirri ne. Amma wannan na haɗiye shi har kwana tara, kuma na sha wuya.

A cikin kwanakin nan ne wani na hannun daman gwamna ya sauka a Ladywood da kilishi da turare da shadda, da kuma wata takardar rantsuwa mai cewa Kawu ya shaida sun kammala rana ɗaya. Sa hannu kawai ake so. A makon kuma masu binciken suka rubuto masa cikin ladabi, suna neman ya ba su rabin awa ta bidiyo. Hajiya ce ta kira ni ta shaida mini wannan duka, ta ƙara da cewa kawuna ya daina cin tuwo, abin da ko mura ba ta taɓa sa shi ya yi ba. Washegari sai ga kiransa, wai zai zo Manchester in tare shi a tasha. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, amma duk yawan ambaton garin nan da yake yi, tun zuwana bai taɓa taka shi ba.

Muka bi Oxford Road a ƙafa da hantsi, bas na bin bas, ɗalibai na ture mu ta ko'ina. Tun daga tasha yake mita. An rushe wancan, an gina wannan, yaran yanzu ba sa kallon gabansu, wa ya ce a sayar da shayi a wannan kuɗin. Na bar shi ya yi ta yi. Da muka iso matakalar sai mitar ta ɗauke. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta, hannayensa a aljihun rigar sanyi.

“'Yar nan,” in ji shi, “kin san hoton nan na falo?”

“Na san shi, Kawu. Na kuma ga na gwamna. Na ga ɗinkin kafaɗa.”

Ya juyo ya harare ni, ya ce tun yaushe? Na ce kwana tara. Ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe tun da na iya riƙe magana kwana tara. Muka yi 'yar dariya, sannan ya zauna a kan matakalar, cikin sanyin nan, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Ɗakin gaskiya ne, shinkafar ma gaskiya ce. Amma su uku ne a ɗakin, kuma na ukun ne kaɗai ya kammala, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. Kawu ya faɗi jarrabawar shekara ta biyu har sau biyu aka sallame shi. Shi kuwa wanda zai zama gwamna, tarurrukan ƙungiyar ɗalibai sun fi aji ganinsa, ya riga Kawu barin makarantar. A gida kuwa kakata ta riga ta gaya wa unguwa kaf cewa ɗanta zai zama injiniya a ƙasar Turawa. Ranar bikin kammalawa abokin nasu ya karɓo hayar riga, suka raka shi, ya gama nasa hoton, sannan ya ara musu ita, kowa minti biyar. Wajen da abokin ke cire ta ne ta yage a kafaɗa, Kawu ya ɗinke ta da zaren da ya samu kafin su sa. Kowa ya aika wa uwarsa hoto. Kakata ta rataye nata a saman gadonta, kuma a ƙarƙashinsa ta cika.

“Ni don tsohuwa na yi,” in ji shi. “Na ce in na samu sarari zan koma in ƙarasa. Sai aure, sai 'ya'ya, sai sunan ya bi ni. Shi kuma ya je ya samo takarda ya haɗa da hoton.”

Na tambaye shi ko zai sa hannu a takardar rantsuwar. Ya ce shekara talatin yana ƙarya a falo, amma bai taɓa yi da rantsuwa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ba gwamna ne damuwarsa ba, ba kuma mutanen zaure ba, ko da yake ya san za su yi masa dariya har su gaji. Hajiya ce. An ba shi ita ne a matsayin injiniya mai digiri, haka mahaifinta ya sanar a wurin ɗaurin aure. Ya ce bai san da wane ido zai kalle ta ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushinsa, na rasa wanne zan fara nuna masa, sai na saya masa shayin nan mai tsada.

Ranar ganawar na sauka Ladywood da safe don in haɗa masa kwamfuta. Ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hajiya tana kicin tana markaɗa kayan miya, ƙofa a buɗe. Na ce in rufe? Ya ce in bar ta.

Mai binciken wata matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, tana ce masa Baba. Kawu ya cinye minti biyar cikin rabin awarta yana tambayar lafiyar iyayenta da ko an yi ruwa a Abuja. Da ƙyar ta samu ta jefa tambayarta: shin ya shaida cewa shi da mai girma gwamna sun kammala digiri tare? Daidai nan injin markaɗe ya tsaya a kicin.

“Ban shaida ba,” in ji Kawu. “Bai kammala ba. Ni ma ban kammala ba. Rigar da ke hoton nan ta aro ce, mu biyu muka sa ta.”

Ya ba ta labarin tiryan-tiryan, tana rubutawa. Da ta yi godiya za ta rufe sai ya ɗaga hannu, ya ce akwai abu ɗaya da yake so ya shiga takarda: maganar shinkafa gaskiya ce, shi ya koya masa. Baiwar Allah ta danne dariyarta ta ce ta rubuta, Baba.

Na rufe kwamfuta. Kawu ya tashi ya sauke hoton daga bango ya kife shi a kan tebur, ya tsaya yana kallon tabon da ya bari a fenti. Hajiya ta fito tana goge hannu da gefen zaninta. Ya buɗe baki zai fara, ta riga shi.

“Injiniya, mutumin da ya adana takardar garantin firij shekara ashirin, da yana da takardar digiri ai a ƙofar gida za mu rataye ta. Tun watan da na tare na gane.”

Ya ce to me ya hana ta magana duk shekarun nan? Ta ce ta ga yana jin daɗin labarin ne, kuma lif ɗin da ya gyara ba ta taɓa jin ya faɗo da kowa ba. Ta ɗauki hoton ta goge gilashin, ta miƙo mini ta ce in hau kujera in mayar, ita gwiwarta ba ta hawa.

“Rigar ce ta aro,” ta ce. “Fuskar ta mijina ce.”

Kawu ya zauna ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin babbar riga. Ni kuwa ina kan kujera na yi ta laluben ƙusa, don idona ya cika ba na gani sosai.

Maganar gwamna har yau ba ta ƙare ba, lauyoyi na ta ja. Mutanen zaure sun yi surutunsu na mako guda, wasu suka daina gaishe shi, wasu suka fara. Shaddar da turaren ya mayar, kilishin ne dai aka riga aka cinye. Hoton yana nan sama da talabijin. Abin da ya tafi shi ne labarin. Ni da na yi shekaru ina addu'ar Allah Ya kawo ranar da zan ci tuwo a gidan nan ba tare da gwamna ba, yanzu kewarsa nake ji. Zuwana na ƙarshe da gangan na ɗauko maganar tsadar albasa, na gyara zama ina jira. Kawu ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce ai kam ta yi tsada, ya ci gaba da cin tuwonsa.