Rigar da Kawu Haruna Ya Fanshe Ni da Ita

Muna layin ruwa a makarantar da muka fake a Gadarif, gabashin Sudan, sai ga Inna Asabe maƙwabciyarmu an sauko da ita daga bayan lori. Ko gaisuwa ba ta amsa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Isa, sun kashe kawunka." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu Haruna ƙanen mahaifiyata ne, kuma a gabansa na koyi ɗinki. A ƙauyenmu da ke kudu da birnin Madani, Usta Ɗan Masko ake ce masa, wato gwanin da ya zauna a babban birnin Rasha. Yana saurayi aka tura shi Rasha koyon injinan noma, shi kuwa ya ɓige a ɗakin ɗinkin wani gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa daga farko har ƙarshe. Can ya gwanance a kan tufafin manyan fadawan Rasha na dā, waɗanda ake kira boyar. Ya dawo ba takarda, sai akwati da riga guda a ciki. Dangi suka yi ta yi masa dariya. Wasunsu suna cikin makarantar nan, kuma sun san da su nake.

Rigar ja ce, har ƙasa, hannayenta sun kai gwiwa. Ya ce da gangan ne, don a san mai ita ba ya aiki. Wuyanta a tsaye yake, ƙirjinta sai walƙiya. Ranar da ya fara bari na taɓa ta, na ji haushi: yadin labule ne, da zaren tagulla da duwatsun gilashi. Ya yi dariya ya ce, "Wanga ɗinki don ɗan kallon da ke kujerar baya ake yin shi." Yakan ƙara ƙyalle a hammatar kowace jallabiya, ko ta manomi ce, yana cewa, "Bar wa mutum wurin numfashi." Ban taɓa jin ya kira yadi da sunan da ba nasa ba, ko da mai saye zai tafi.

Da yaƙi ya iso ƙauyenmu, wata rana da azahar 'yan bindiga suka shigo mana. Suka tara maza a ƙofar masallaci, suka harbe ladan a gabanmu don ya ɗaga kai. Ni suka zaɓa, saboda wani ya ce musu muna da shago a Madani. Suka ɗaure ni ta baya, suka zane ni da wayar lantarki har rigata ta manne da jini. Babbansu ya cusa mini bakin bindiga a baki, haƙorana biyu suka karye. Yana ta ihu da Larabci, ina zinariya, ina zinariya. Wallahi na riga na yi kalmar shahada a zuci.

Sai na hango Kawu tafe daga bakin tura'a, wato magudanar ruwan gona, sanye da rigar. Ya tsaya nesa, daidai inda rana take dukan ƙirjinsa. Bai matso ba. Ya ce, "Ga dahab, ya zol, ga zinariyar, kai mutum. Ku kwance yaro, in tuɓe muku." Tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma ya tsaya kamar shi ke da garin. Suka saki igiyata suka ruga kansa. Suka fizge rigar, suka ture shi ƙasa, suka hau rigima a junansu kan wanda zai riƙe ta, har suka shige mota suka tafi.

Ya ce mini, "Kwashe mata ku bi ta gona, yanzu. Da an kai ta wurin maƙerin zinariya, kalas, asiri ya tonu." Na ce sai dai mu tafi tare, ko da goyo ne. Ya daka mini tsawa: "In sun dawo ba su iske kowa ba, sawunku za su bi. Tashi!"

Inna Asabe ba ta iya tafiya, don haka a ƙauye ta rage, ta ga sauran ta kafar danga. Washegari suka dawo. Suka jawo shi daga kan keken ɗinki, suka farfasa masa yatsu da gindin bindiga, ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar ta ina muka bi. Ya nuna musu hanyar Sannar, can kudu. Mu kuwa gabas muka yi. Suka harbe shi a wuya, suka banka wa ɗakin wuta. Tsofaffi uku ne suka yi masa salla.

An ce in yi haƙuri, kuma ina yi. Amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye wa kowa hakan ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Haruna, Ka karɓi shahadarsa, Ka haskaka kabarinsa, Ka tufatar da shi daga tufafin Aljanna. Ka yafe masa ƙaryar da ya yi domina, in zunubi ce Ka ɗora mini. Ka ba Gwaggo Hadiza matarsa da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ka mai da mu gida lafiya. Ka bar Inna Asabe da rai har ranar, domin ita kaɗai ta rage da ta san inda aka binne shi. Amin.