Golanmu na Ranar Lahadi

Shekara tara ke nan da rasuwar Kenji, amma har yau idan na bi ta filin da ke bayan unguwar Rusholme sai in kawar da kai.

A nan muka san shi, farkon shekarun dubu biyu. Mu 'yan Kumasi da 'yan Kano muna haɗuwa ran Lahadi mu buga ƙwallo, yawancinmu da tumbi. Wata rana ya zo ya tsaya a bakin fili, hannu cikin aljihu. A al'adarmu baƙo ne ke tsaron gida, don haka kyaftin ɗinmu Alhaji Sule ya jefa masa safar gola. Ya rusuna wa filin nan mai taɓo, ya shiga raga. Wata huɗu ya yi a ciki. In an ci shi mu daka masa tsawa, shi kuwa sai dariya.

A bas ɗin Oxford Road asiri ya tonu. Muna zaune ni da shi wata ɗaliba 'yar ƙasarsu ta gan shi, ta toshe baki ta fashe da kuka. Ashe shahararren ɗan ƙwallo ne, a Japan babu yaron da bai san fuskarsa ba. Wani babban kulob ne ya sayo shi ya ajiye a benci, shekara guda bai buga ko minti ɗaya ba.

"Please, kada ka faɗa musu," in ji shi. "Nan ne kaɗai ake yi mini faɗa."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin Lahadi ta zagayo na fesa wa kowa. Aka zo da kyamarori, Alhaji Sule ya koma kiransa "ranka ya daɗe", kowa na jin nauyin buga masa ƙwallo da ƙarfi. Labari ya kai kulob, aka hana shi zuwa.

Daga baya aka ba da shi aro ga wata ƙungiya a Birmingham. Sau ɗaya na ziyarce shi a can, a unguwar Edgbaston. Kujera ɗaya ce a ɗakin, sai kwalayen wasiƙun masoya da bai buɗe ba. Ya tambaye ni wa ke gola yanzu, ya miƙo mini safar nan a wanke, a ninke, in mayar wa Alhaji. Na so in nemi gafara, na ɓige da zancen ruwan sama. Daga nan ya koma gida, sai labarin rasuwarsa.

Ko me zai ce da zamanin nan da kowane yaro ke riƙe da waya? Ina jin ko minti biyar ba zai yi a ragarmu ba za a gane shi.

Jaridun ƙasarsu sun tuna da ƙwallayen da ya ci. Ni safar ce ta rage mini, don ban taɓa mayarwa ba, kuma kewarsa tana damuna. Da za a ba ni Lahadi ɗaya tak tare da shi, ba gafara zan fara nema ba. Raga zan tura shi, in daka masa tsawa.