Harbin ƙarshe na Ajidan Tsalha

Har gobe ban manta da ranar da Ajidan Tsalha ya yi harbinsa na ƙarshe ba. Ku matasan bariki ba ku riske shi ba. Mutumin Guna ne, shi ya koya wa rabinmu riƙon bindiga. Yana da wata 'yar ƙaramar fistole wadda tafin hannu ke rufewa, kullum yana shafe ta da mai kamar jaririya.

A zamaninmu, bayan kaka akan kai jandarmomi filin harbi ta hanyar Mirriya. Kowa da allonsa da harsasansa uku, ni kuwa aikina duba alluna in faɗi sakamako. Dokar ita ce, wanda bai sami allo ba a karɓe bindigarsa a gaban jama'a, a mayar da shi tsaron ƙofa. To, shekarar nan ido ya fara gaza wa Ajidan, ga shi saura kaɗan ya ajiye aiki. Duk mun sani, ba mai faɗi.

Kusa da shi aka tsayar da Sarjan Habu, Babarbare mai baki, riƙe da tasa babbar bindiga. Yana ta tsokanarsa: "Baba, wannan abar wasan yara tana kai wa allo kuwa?"

Ajidan ya ce, "Kai dai kula da naka, ɗan nema."

Aka ba da izini, suka harba tare. Da na je, allon Ajidan ga huda a tsakiya ras. Na Habu kuwa, wanda bai taɓa kuskure ba, da ƙyar ya tsira. Na faɗi abin da na gani.

Kumandan ya ce, "Sarjan, yau lafiya?"

"Mon kumandan, fura na sha ta yi mini nauyi."

Aka yi dariya. Ajidan bai yi ba. Ya taka har gaban allonsa, ya sa ɗan yatsa cikin hudar, yatsan ya shige. Ya dube ni a hankali ya ce, "Tawa ba ta yin rami mai faɗi haka." Ya juya ya tafi.

Washegari da kansa ya kai fistolen magazan, ɗakin ajiyar makamai, ya shafe ta, ya miƙa da hannu biyu. Ba wanda ya karɓe ta a gaban kowa. Daga nan ya aika wa Habu ƙullin goro, da saƙon cewa ya rage shan fura.

Mu harbi aka koya mana, amma a wurin nan na gane rabin aikin rufa wa juna asiri ne. Allah ya ji ƙan Ajidan. Habu kuwa har yau in na tayar da maganar, sai ya ce fura ce.